Layi Kafin Waya: Yadda Za A Zaɓi Wayar Salula Da Kamfanin Sadarwa Yayin Da Sababbin Wayoyi Ke Tafe

A kowace shekara akwai lokuta biyu da maganar sababbin wayoyi take cika kasuwa, wato daga Agusta zuwa Satumba, da kuma daga Janairu zuwa Maris. Duk wanda ya shiga Farm Center ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, a irin wannan lokaci da niyyar canza waya, zai ji shawara iri biyu masu karo da juna. Wani zai ce masa ya dakata domin sabuwa tana tafe kuma farashin tsohuwa zai karye, wani kuma ya ce masa ya saya yau domin gobe dala tana iya tashi. Tambayoyi uku ne a gaban mai saye: wace waya zai saya, wane layi zai ɗora mata, kuma yaushe ya kamata ya fitar da kuɗinsa. Yawancinmu da waya muke farawa, mu bar maganar layi sai mun fito daga shago, alhali a ganina layi ne ya kamata ya zo farko, domin shi ne zai nuna ko kuɗin da aka zuba a waya za su yi amfani ko za su tafi a banza.

A Amurka mutane da yawa daga hannun kamfanin sadarwa suke karɓar waya, su riƙa biya wata-wata har shekara biyu ko uku, sau da yawa wayar tana kulle da layin kamfanin. Mu a Nijeriya da kuɗinmu muke sayen waya a kasuwa, sannan mu sayi kati da data gwargwadon ƙarfin aljihu. Wannan 'yanci ne babba, amma yana nufin babu wanda zai tabbatar wa mutum cewa wayarsa da layinsa sun dace da juna da kuma wurin da yake zaune, sai shi da kansa.

MTN ya fara aiki a 2001, kuma alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, suna nuna cewa sama da rabin layukan da ke aiki a ƙasar nasa ne. Ƙarfinsa a faɗin sabis yake. Direban da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri, ko ɗan kasuwar hatsi da ke yawo kasuwannin ƙauye, ko malamin da aka tura makarantar karkara, ya fi kusa da samun sabis a kan MTN fiye da sauran. Sai dai yawan jama'a shi ma nauyi ne, domin a wuraren cunkoso, kamar manyan kasuwanni da unguwannin ɗalibai, mutum yakan ga sandunan sabis a cike amma shafi ya ƙi buɗewa, saboda dubban mutane suna rabon turken sabis guda. Airtel, wanda shi ne kamfanin da ya fara da sunan Econet a 2001, ya bi ta Vmobile da Celtel da Zain kafin ya ɗauki sunansa na yanzu a 2010, yana riƙe da kusan kashi ɗaya cikin uku na layukan. A biranen Arewa da garuruwa masu matsakaicin girma shi ne abokin karawar MTN na gaske, kuma akwai unguwanni da dama da datarsa ta fi ta kowa zama daidai. Ga mazaunin birni, zaɓin babban layi kusan kullum tsakanin waɗannan biyun yake tsayawa.

Glo kamfanin ɗan ƙasa ne, Mike Adenuga, kuma tarihi ba zai manta da cewa shigowarsa a 2003 da lissafin kira daƙiƙa-daƙiƙa ne ya tilasta wa sauran barin lissafin minti ba. An san shi da ba da data mai yawa a kuɗi kaɗan, kuma yana da igiyarsa ta intanet a ƙarƙashin teku, Glo 1, wadda ta tsira lokacin da igiyoyi da dama suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma a watan Maris na 2024, har harkar bankuna ta tsaya cik a wurare da yawa. Matsalarsa ita ce bambancin sabis daga unguwa zuwa unguwa yana da faɗi. Inda yake da ƙarfi, samu ne. Inda ba shi da shi, giga talatin da wa'adinsu zai ƙare ba a ci rabinsu ba sun fi giga goma da aka cinye tsada. Kamfani na huɗu ya shigo da sunan Etisalat a 2008, ya koma 9mobile a 2017, ya yi asarar masu hulɗa masu yawan gaske, sannan a 2025 ya ƙulla yarjejeniyar da ta ba layukansa damar hawa kan sabis na MTN, ya kuma sake suna zuwa T2. Ba zan ba kowa shawarar ya mayar da shi layin bankinsa ba sai ya gwada shi sosai a inda yake zaune.

Wannan gwajin ya fi duk wata talla da duk wani bayani irin wannan da nake rubutawa. Ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Mutum ya ari wayar maƙwabci ko ta ɗan'uwa mai ɗauke da layin da yake tunani, ya shiga ɗakin da yake kwana, ya rufe ƙofa, ya yi kiran bidiyo ta WhatsApp na minti biyar, ya tura hoto, ya buɗe manhajar banki ya ga ko za ta shiga ba tare da jujjuyawa ba. Ya yi haka tsakanin Magariba da ƙarfe goma na dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau intanet, domin layin da yake gudu da Asuba ba lallai ne ya motsa bayan Isha'i ba. Ya sake yin gwajin a shago ko ofis, musamman idan rumfar tana can cikin kasuwa ƙarƙashin rufin kwano ko a ƙasan bene. Akwai dalilin da ya sa sakamakon yake bambanta: ƙananan zangunan sadarwa, irin 700 da 800 MHz, sun fi tafiya nesa kuma sun fi ratsa bango, manyan zanguna kuwa, irin 2600 da 3500 MHz, sun fi ɗaukar kaya da sauri amma ba sa nisa. Saboda haka kamfanin da ya fi sauri a bakin titi yana iya zama shi ne mafi rauni a cikin ɗaka.

Game da farashi, tun bayan da NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba a watan Janairun 2025, wanda ya ɗaga saƙon tes daga naira 4 zuwa naira 6, ya kuma taɓa kira da data, tazarar da ke tsakanin manyan kamfanonin ba ta kai yadda ake zato ba. Abin da ya fi kamata a duba shi ne sharuɗɗan da ke maƙale da tsarin, wato ko wani ɓangare na datar sai da dare yake aiki, ko an keɓe shi ga YouTube ko TikTok kaɗai, ko kuma ragowar za ta bi mutum zuwa wata mai zuwa idan ya sabunta kafin wa'adi ya cika. Kwatantawa ta yi sauƙi yanzu tun da aka haɗe lambobin a 2023: *312# na sayen data ne a kowane layi, *323# na duba ragowarta, *310# na duba kati, 300 kuma na kiran masu kula da abokan hulɗa. Wanda ya kai ƙorafi ga kamfani ba a saurare shi ba, yana da damar kiran NCC a 622 kyauta.

Ni dai ban ga hikimar dogaro da layi ɗaya ba ga wanda abincinsa ke rataye a waya, kamar mai POS, da mai sayar da kaya ta WhatsApp da Instagram, da direban haya da ke karɓar taransfa. Masu aikin titi suna yawan tsinke igiyoyin da aka binne, ɓarayi suna sace batura da man dizil a turakun sabis, kuma a rana ɗaya layi mafi ƙarfi yana iya ɗaukewa. Layi biyu daga kamfanoni daban-daban suna rage wannan haɗari, ko da yake ba sa kawar da shi gaba ɗaya, tun da turaku da yawa na kamfanonin haya ne irin IHS, kuma ƙarfe guda yana iya ɗauke da kayan kamfani biyu ko uku. Wanda kuma yake son barin kamfaninsa amma yana tsoron rasa lambar da kowa ya san shi da ita, ya sani cewa tun 2013 ana iya ƙaura da lamba zuwa wani kamfani kyauta. Ofishin sabon kamfanin ake zuwa da shaidar NIN, sai dai ya cinye katinsa da datarsa tukuna, domin ba sa bin sa. Kada kuma a sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani, komai arhar sa. Layi a yau shi ne makullin asusun banki, kuma ranar da waya ta ɓata aka je yin walkam-bak, wato dawo da layin a sabon sim, mai sunan da ke kan rajista kaɗai za a saurara.

Maganar 5G ce take haɗa batun layi da na waya, kuma a nan ne ake yawan kashe kuɗin da bai kamata ba. A gwanjon Disamban 2021, MTN da kamfanin Mafab ne suka sami lasisi a kan dala miliyan 273.6 kowannensu. MTN ya fara a 2022 a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri da Abuja, Airtel kuma ya biyo baya a 2023. Amma a ce 5G ta shigo gari, ba ya nufin ta shigo kowace unguwa, kuma har yau kaso ƙalilan ne na layukan ƙasar suke kanta, yayin da 4G take ɗauke da mafi yawan masu hawa intanet. A wayoyi masu matsakaicin farashi, sau da yawa kamfani yakan fitar da samfuri biyu masu suna ɗaya, mai 4G da mai 5G, kuma domin ya riƙe farashi yakan rage wani abu a mai 5G ɗin, ko a gilashi ko a kyamara ko a saurin caji. Wanda ya tabbatar da 5G a gidansa ko wurin aikinsa, kuma yana ɗora bidiyo masu nauyi ko yana raba wa kwamfuta intanet, ya dace ya biya bambancin. Wanda yake zaune a garin da ko 4G sai an fita tsakar gida, gara ya zuba kuɗin a batir da ma'ajiya.

Sai maganar lokaci. Kamfanonin suna da al'adar da ba su cika saɓawa ba. Apple yana fitar da manyan iPhone a Satumba. Samsung yana fitar da jerin Galaxy S a farkon shekara, manyan jerin A kusan Maris, masu naɗewa kuma a tsakiyar shekara. Redmi Note yakan iso kasuwannin duniya a farkon shekara, Tecno yakan nuna sabon Camon a babban baje kolin wayoyi na Barcelona a ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, Infinix Note ma a wannan tsakanin yake fitowa. Wanda ya san wannan jadawali ba zai sayi babbar waya ana saura mako uku magajiyarta ta fito ba.

Amma amfanin jira ba ɗaya ba ne ga kowa. Ga mai neman iPhone ko Galaxy S, jira yana biya, ba don ya sayi sabuwar ba, sai don ta bara ta sauko. Apple yakan rage kusan dala ɗari a kan samfurin da ya gabata, masu hali a ƙasashen waje sukan saki tsofaffin wayoyinsu, kuma bayan wasu makonni kayan sukan iso kasuwanninmu da yawa, farashin na hannu ya sassauta. Shi kuwa wanda ya matsa sai ya riƙe sabuwar a makon farko, zai biya kuɗin ɗoki, domin 'yan ƙalilan da suka fara shigowa da ita su ne suke yanka farashi. Ba da kuɗi tun kafin kaya su iso, a kan waya da ba wanda ya riƙe balle ya san aibinta, cinikin biri a sama ne. Ga mai neman waya ta talaka ko ta matsakaicin kuɗi, wato yawancinmu, jira ba shi da wata riba ta a zo a gani. Bambancin Tecno Spark ko Infinix Hot ko Redmi ta bana da ta bara sau da yawa a siffar kyamara da launi yake, injin ciki kuwa kusan guda ne. Injin Helio G99, misali, ya yi shekaru yana dawowa a wayoyi daban-daban, wani lokaci da ɗan sauyin suna. Kuma farashin waya a nan ya fi bin dala fiye da bin jadawalin kamfani. Wanda ya tuna yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 zuwa sama da naira 1,500 a 2024, ya san cewa ragin da ake jira yana iya narkewa kafin ya iso. Idan wayar mutum ta mutu ko tana hana shi neman abinci, ya saya yanzu. Idan tana aiki kuma babbar waya yake hari, ya jira sabuwa ta fito, ya ƙara wata ɗaya ko biyu a kai.

A ɓangaren wayoyin kansu, Tecno da Infinix da itel duk 'ya'yan gida ɗaya ne, kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a China, wanda yake riƙe da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani ta Afirka. Bai kai nan da sa'a ba. Ya kawo waya mai layi biyu tun ana ɗaukar waya biyu a aljihu, ya ba batir muhimmanci, ya gyara kyamara domin ta fito da baƙar fata yadda take, kuma har yau yawancin wayoyinsa da caja suke zuwa a kwali, abin da Apple ya daina tun 2020, Samsung ma ya bi sahu. Babban abin da ya fi kowa da shi shi ne gyara. Yana da cibiyoyin Carlcare a manyan birane, kuma kusan duk mai gyaran waya a kasuwa yana da gilashinsa da bakin cajinsa a kusa, a farashin da ba ya tayar da hankali. Rauninsa a manhaja yake. Ƙananan wayoyinsa sukan zo da tarin manhajojin da ba a nema ba da tallace-tallace masu cin data, kuma tsawon lokacin da ake sabunta su gajere ne idan aka kwatanta da Samsung, duk da cewa Transsion ya fara gyarawa a manyan samfuransa.

Samsung a nan ya yi zarra. Tun daga Galaxy S24 a 2024 ya yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsa, kuma ya ba A16 da A26 da A36 da A56 shekara shida. Mutane ba su cika kula da wannan ba a shago domin ba a ganinsa da ido, amma shi ne yake toshe kafofin da 'yan damfara ke bi, shi ne kuma yake sa manhajar banki ta ci gaba da karɓar waya bayan shekara huɗu. Sai dai a kuɗi ɗaya, Samsung yakan ba da ma'ajiya ƙasa da ta Infinix ko Redmi, cajinsa ya fi jinkiri, sai an sayi kan caja daban, kuma gilashinsa na asali idan ya fashe kuɗin canjinsa yana iya kai wani babban kaso na kuɗin wayar. Akwai kuma abin lura: alkawarin shekara shida ba zai amfani waya mai RAM (ƙwaƙwalwar da waya take gudanar da aiki da ita) giga 4 sosai ba, domin tun kafin wa'adin ya cika za ta yi nauyi. Redmi da Poco na Xiaomi suna tsakiya. Sukan ba da inji da gilashi mafi kyau a farashinsu, amma kayan gyaransu ba su kai na Tecno yaɗuwa a ƙananan garuruwa ba, kuma wajibi ne a tabbatar samfurin kasuwar duniya ne, ba na cikin China ba, wanda zai iya zuwa babu manhajojin Google ko babu wasu zangunan da layukanmu suke amfani da su. Masu Glo musamman su duba ko wayar tana da zango na 28, wato 700 MHz, wanda kamfanin ya fara 4G ɗinsa a kai, domin wayoyi da yawa da aka shigo da su a baya ba su da shi.

A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, batir ba abin wasa ba ne, kuma waɗanda suka ga yadda mafi yawan jihohin Arewa suka yi kwanaki a duhu a Oktoban 2024, ana layi a shagunan caji, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani. Batir mai 5,000 mAh shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda da shi a wayar Android, kuma sababbin wayoyin China sun fara zuwa da 6,000 har 7,000 ba tare da sun yi kauri ba, wanda shi kaɗai ne ci gaban da nake ganin ya cancanci mai matsakaicin kuɗi ya ɗan jira dominsa. Saurin caji ma yana da muhimmanci ga wanda ake kawo wa wuta awa ɗaya a ɗauke, domin caja mai wat 33 ko 45 za ta cika fiye da rabin batir kafin mai wat 10 ta yi nisa. Amma zafi maƙiyin batir ne, kuma a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafin bazara yake haura digiri 40, yin caji a cikin mota da rana ko ƙarƙashin matashi yana rage masa kwana. A ma'ajiya, giga 128 shi ne ƙasa, 256 kuma ya fi dacewa da duk wanda yake cikin zaurukan WhatsApp na dangi da na unguwa da na wa'azi. Kada a ruɗu da rubutun 8+8 a jikin kwali, lamba ta farko ce RAM ta gaskiya, ta biyun aro ce daga ma'ajiya kuma ba ta kusa da saurinta. Haka ma yawan megafiksel ba shi ne kyawun hoto ba. A ɗauki hoto a cikin shago inda haske ya yi ƙaranci, a nan ake gane kyamara.

Na bar iPhone ta hannu a baya domin ita ce ta fi jan zuciya, kuma ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Amfaninta a bayyane yake: bidiyonta yana da kyau, ana sabunta ta shekaru masu yawa, kuma tana riƙe daraja, ta yadda mutum zai iya ba da ita da ciko ya ɗauki ta gaba. Amma fitowar kowace sabuwa tana ture wata tsohuwa daga layi. A 2025 tsarin iOS 26 ya bar XR da XS a baya, ya fara daga iPhone 11, WhatsApp kuma a shekarar ya daina aiki a kan iPhone 6 da 5s. Saboda haka sayen samfurin da ke bakin iyaka, kuɗin shekara ɗaya ko biyu kawai ake biya. Batirinta ma, musamman ƙananan samfura da suka sha aiki, ba ya kai yini ga mai yawan hawa intanet, sai da fawa-banki a aljihu. Sannan ga maganar layi: duk iPhone da aka yi domin kasuwar Amurka tun daga 14 ba ta da gurbin saka sim ko kaɗan, sai eSIM, wato layin da ake ɗorawa a cikin wayar ba tare da an saka sim ba, iPhone Air ta 2025 kuwa haka take a duk duniya. MTN da Airtel suna ba da eSIM, amma yawanci sai an je ofishinsu, kuma ranar da wayar ta lalace ba a iya zare layin a saka a ƙaramar waya kafin a gyara. Wasu kuma akan huda musu gurbin sim a wajen masu gyara, wanda hakan yana nufin an buɗe cikinsu an yi musu aiki. Ga mai son layi biyu na zahiri, samfurin Hong Kong na yawancin iPhone yana da gurbi biyu.

Wanda ya yanke shawarar sayen ta hannu, kada ya ji nauyin mai shago. Ya ce masa, "Alhaji, a ba ni ita in saka layina in gani," kuma ɗan kasuwar kirki ba zai ƙi ba. Ya saka layinsa ya yi kira, ya kashe Wi-Fi ya hau intanet da datarsa, sannan ya saka layi na wani kamfanin domin ya tabbatar ba a kulle take ba. Ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ya sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanan wata, domin wannan takarda ce za ta kare shi idan wata rana aka ce wayar ta sata ce. Ya shiga saiti ya duba lafiyar batir, wanda idan ya kusa kashi 80 to canji ya ƙarato, ya duba shafin bayanin wayar inda take nuna ko an canza mata gilashi ko batir ko kyamara, ya gwada buɗewa da fuska, ya kuma tabbatar babu asusun iCloud na kowa a kanta ta hanyar sa a goge ta a gabansa a sake kunnawa. Duk wannan ba zai wuce rabin awa ba.

Sayen waya a biya kaɗan-kaɗan ya yaɗu, kuma ya taimaki mutane da yawa da ba za su iya tara kuɗin a dunƙule ba. Kafin a sa hannu, a haɗa kuɗin farko da duk abin da za a biya har ƙarshe, a kwatanta da farashin kuɗi hannu, domin tazarar takan yi yawa. A sani kuma cewa irin waɗannan wayoyi ana kulle su daga nesa idan biya ya yi jinkiri, kuma mai sayen ta hannu yana iya faɗawa kan wadda ba a gama biyan bashinta ba. Wanda yake da damuwa a kan ko tsarin ya ƙunshi riba, ya kai takardar yarjejeniyar ga malamin da ya amince da shi kafin ya shiga, domin sharuɗɗan sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani.

Da za a tambaye ni, mai sana'ar da ke zaune a ƙaramin gari ko yake yawan tafiya, zan ce ya riƙe MTN a babban layi, ya ƙara da duk wanda ya ci gwaji a ɗakinsa, ya sayi Tecno ko Infinix mai 4G da babban batir da giga 256, kuma kada ya jira kowa. Ma'aikaci ko ɗalibin da yake son waya ɗaya ta kai shi shekara huɗu ko biyar, ya nemi Galaxy A mai RAM giga 8, kuma idan Maris ya kusa ya ɗan dakata, ko ya sami sabuwar ko ta bara da sauƙi. Mai ɗaukar bidiyo domin talla ko sana'a, wanda iPhone za ta mayar masa da kuɗinta, ya bari Satumba ta wuce da wata ɗaya ko biyu, ya ɗauki samfurin da bai gaza shekara uku a gabansa na sabuntawa ba, mai gurbin sim na asali, kuma idan ƙarfinsa ya kai iPhone 15 ko sama, zai sami bakin caji irin na USB-C da zai iya arar cajar kowa a gida.